Wanda ya sauya tiya, sai ya faɗa

A Bader Gula, cikin yankin Dakwaro, akwai wani ma'aikacin gona da aka ɗora wa rubuta ruwan sama na kowace damina. Ƙanensa, wanda ya yi karatun kwamfuta a Maraɗi, ya rubuta masa ƴar manhaja mai haɗa jimilla. Ranar da ba a duba ma'aunin ruwa ba, ana sa mata alamar NaN, wato "ba lamba ba ce", manhajar kuwa ta tsallake ta.

Kafin manhaja ta yi aiki, sai wani tafinta ya juya rubutun mutum zuwa harshen na'ura. Sanannen tafinta shi ne GCC, wanda Richard Stallman ya fitar a 1987. Mai gini yana iya ba shi umarni na musamman. Don neman sauri, yaron ya ƙara umarnin -ffast-math, bai rubuta haka ko'ina ba, ya tafi Yamai.

Wannan umarni kuwa alkawari ne ga tafinta cewa NaN ba za ta taɓa bayyana ba. Tafinta ya gaskata, ya share layin da ke bincikenta. Da kaka ta zo, jimillar ta fito ba kai ba gindi, ga rahoto ana jira a Dakwaro. Ma'aikacin ya kwana yana zargin hannunsa da littafinsa, alhali babu kuskure ko ɗaya a ciki.

Ba shi kaɗai abin ya taɓa ci ba. A 2022 wani mai bincike a Amurka, Brendan Dolan-Gavitt, ya nuna cewa manhajoji irin su gevent, da aka gina da irin wannan umarni, suna sauya lissafin ƙananan lambobi ga duk manhajar da ta ɗauko su. GCC 13 na 2023 ya toshe wannan kafa, amma alkawarin NaN yana nan.

Ɗan kasuwa ya san cewa sauya tiya ba laifi ba ne, ɓoyewar ce cin amana. Da yaron ya dawo, ya cire umarnin, ya kuma rubuta takarda guda: umarnin da aka yi gini da shi, dalilinsa, da abin da zai iya ɓatawa. Yayansa ya manna ta a bangon littafin ruwa, domin wanda zai gaje shi.