Kopenhagen: Inda Ake Ceto Fassara Daga Cikin Faifai

Sanyin Disamba na tarar a Kopenhagen, babban birnin ƙasar Danmak. Kafin ƙarfe huɗu na yamma rana ta faɗi, masu kekuna sun kunna fitilu, kowa na sauri ya shige gida. Dogon dare irin wannan da kallo ake cinye shi, kuma a gaban talabijin na fara lura da wata ɗabi'a ta mutanen ƙasar. Fim ɗin Amurka ne, ko na Koriya, ko na Iran, ba sa ɗora masa muryar harshensu. Muryar 'yan wasan ake bari yadda take, a rubuta fassara layi ɗaya ko biyu a ƙasan allo. Finafinan ƙananan yara ne ake sauya wa murya, tunda ba su iya karatu ba tukuna. Mutanen ƙasar kusan miliyan 6 ne, kuma rubutu ya fi ɗaukar murya araha nesa ba kusa ba. Shi ya sa wannan rubutu ya zama sana'a mai mutunci a wurinsu, har masana irin su Henrik Gottlieb na Jami'ar Kopenhagen suka yi suna wajen nazarinsa.

Mai masaukina, wani Bazazzage da ke karatu a can, shi ya ce da ni: "Malam, tashi mu leƙa maƙwabciyata, akwai abin da nake so ka gani." Dattijuwa ce a unguwar Norebro, wadda ta ƙare ƙuruciyarta tana fassara finafinai. Kamfanin da ta yi wa aiki ya rufe, fayilolinta sun bi shi. Abin da ya rage na guminta shi ne faya-fayan DVD da ke jere a kanta, wasu sun fara ƙin tashi. Fargabarta ba a banza take ba: a 2025 kamfanin Warner Bros. ya amsa cewa wasu faya-fayansa da aka buga tsakanin 2006 da 2008 suna lalacewa. Don haka kullum da yamma takan ɗauko faifai guda, ta zauna ta ciro fassararta.

Na ɗauka kwafa za ta yi kawai ta manna. Ta girgiza kai, ta faɗaɗa layi ɗaya a kan allon kwamfuta har ya koma ƙananan ɗigo-ɗigo. "Duba da kyau," in ji ta, "wannan hoto ne. Ni da kai ne muke ganin kalmomi." Haka DVD yake tun fitowarsa a Japan a 1996. Kowane layin fassara ɗan hoto ne mai launi huɗu kacal, an cusa shi cikin fayilolin da ake kira VOB tare da sauti da hoton fim. Faifai ɗaya na iya ɗaukar jerin fassara har 32. Na'urar kallo ba ta karanta komai, ɗora hoton kawai take yi idan lokacinsa ya yi. Faifan Blu-ray ma hoto yake amfani da shi, sai dai nasa ya fi kyau, launinsa ya kai 256.

Matakin farko shi ne raba hotunan da fim ɗin. Sai a samu fayil biyu: ɗaya mai hotunan, ɗaya mai lokacin da kowanne zai bayyana. Daga nan ta buɗe Subtitle Edit, manhajar kyauta da wani ɗan ƙasarsu, Nikolaj Olsson, ya ƙirƙira, wadda masu wannan aiki a faɗin duniya ke amfani da ita. A cikinta akwai hanyoyin gane haruffa daga hoto, har da Tesseract, wanda kamfanin HP ya fara tun shekarun 1980 kafin a sake shi ga kowa a 2005.

A nan aikin yake. Hoton layin yana sama, abin da manhajar ta karanta yana ƙasa, dattijuwar tana tsakani da tabaranta. Manhajar takan ɗauki babban I a matsayin ƙaramin l. Idan r da n suka matsu, sai ta ga m. Rubutu mai karkata, wanda suke sa wa muryar da ba a ganin mai ita, yakan haɗe kalma biyu su zama ɗaya. Ga kuma haruffansu na musamman, æ da ø da å. Na ga ɗan zoben da ke kan å ya rabu da uwarsa, manhajar ta tsaya tana tambaya ko wane harafi ne wannan. Ta buga mata amsa sau ɗaya, manhajar ta riƙe, ta gane shi a sauran layukan. Fim ɗin awa biyu yakan haura layi dubu, kuma babu wanda ta bari bai bi ta gaban idonta ba. Aikin kamar tsintar tsakuwa a shinkafa ne, wanda ya yi gaggawa haƙorinsa zai gaya masa.

Abin da ya fito a ƙarshe ɗan fayil ne da ake kira SRT: lamba, sai lokacin shiga da na fita a awa da minti da daƙiƙa har da kashi dubu na daƙiƙa, sai maganar. Faifan yana ɗaukar gigabait 4.7 ko 8.5, shi kuwa wannan sau da yawa bai kai kilobait 100 ba. Amma ana iya gyara shi, a nemo kalma a cikinsa, a juya shi zuwa wani harshe ba tare da sake auna lokaci ba. Saura matsala ɗaya. Fim ɗin sinima hoto 24 yake gudu a daƙiƙa, DVD na Turai kuwa 25, har fim ɗin awa biyu ya rage kusan minti 5. Idan aka ɗora fayil ɗin a kan wani bugu ba a daidaita ba, rubutu zai riƙa rigan baki, tazarar tana ƙaruwa har ƙarshe.

Da na tambaye ta ko za ta zuba su a intanet, sai ta ce a'a, ajiya ce, domin fim da fassararsa duk suna da masu haƙƙi. Ta tuna mini abin da ya faru a Suwidin, can tsallaken gadar Oresun: a 2013 'yan sanda suka rufe shafin Undertexter mai raba fassarorin finafinai, a 2017 kotu ta sami mai shi da laifin keta haƙƙin mallaka.

Ni kuwa hankalina gida ya koma. Yawancin finafinan Hausa da suka fito a faifan VCD da DVD, fassarar Turancinsu a jikin hoton aka ƙona ta. Ba a kashe ta, ba a gyara kuskurenta, kuma ciro ta ya fi na dattijuwar nan wuya, domin bango mai motsi ne a bayan haruffan. Kurame da masu ƙarancin ji a cikinmu ma sun cancanci rubutun Hausa a ƙasan allo, mai ƙ da ɗ da ɓ daidai, wanda tsarin adana haruffa a kwamfuta mai suna UTF-8 yake ɗauka ba matsala.

Kirana ga furodusoshi da editocinmu na Kano da Kaduna da Jos da Maraɗi shi ne: duk fim ɗin da kuka gama, ku ajiye kwafin da babu rubutu a jikinsa, ku ajiye fassarar daban a fayil ɗin SRT, a wuri fiye da ɗaya, da sunan wanda ya yi ta. Aikin 'yan mintuna ne a yau, amma zai hutar da na baya wahalar watanni.