Kek ɗin Disamba

Laushin kek mai 'ya'yan itace daga jiƙo yake farawa, tun kafin a fasa ƙwai ko guda. Zabibi da dabino busassu ne, masu ƙishirwa. In aka zuba su a kwaɓi haka nan, sai su zuƙe ruwansa, kek ya fito yana marmashewa. A Ingila, a giya ake jiƙa su. A gidanmu baƙin shayi mai kauri da ruwan lemun zaƙi muke zuba musu, su kwana su kumbura.

Wannan sauyi ba dabarar mahaifiyata ba ce. Maƙwabciyarta ce a Tudun Wadan Kaduna, Kirista, ta cire giyar domin ƙawarta Musulma ta iya ci, sannan ta koya mata gashin. Rikicin 2000 ya sa ta haye kogi ta koma Sabon Tasha. Tun daga lokacin, duk Disamba sai kek ya haye gada daga wajen Umma. Da idon Umma ya yi rauni, aikin ya faɗo hannuna, tare da fargabar kada zumuncin da ya girme ni ya yanke a kaina.

Nakan buga bota da sukari har su yi haske, in saka ƙwai ɗaya bayan ɗaya, sannan fulawa da kirfa da gyaɗar ƙamshi. Sauran aikin na wuta ne, kuma a nan ake gane mai haƙuri. A tukunyar yashi nake gashi, garwashi kaɗan a ƙasa, kaɗan a kan murfi, kusan awa uku, gwangwanin a shimfiɗe da takarda ninki biyu don kada gefe ya ƙone ciki bai nuna ba. Masu cewa gas ya fi ba su yi ƙarya ba, amma yashi ba ya gaggawa. In tsinke ya fito tas, sai in shafe saman da ragowar shayin tun da ɗuminsa, in nannaɗe shi sosai, domin iskar hunturu ba ta barin danshi a komai.

Bara da na kai mata, tsohuwar ta gutsura, ta daɗe tana taunawa.

"Ɗiyata, kirfar ta yi yawa," in ji ta. "Uwarki ma haka take yi. Yaya idon nata?"