Tabkin Madarunfa da mazauna bakinsa

Mun tashi daga Maraɗi da sassafe, muka yi kudu. Tafiyar kilomita 20 da ɗoriya ta kai mu Madarunfa. Kowa ya san garin da tabkinsa da kushewun waliyyai 99 da ke kewaye da shi. Mu kuwa ƙananan mazauna bakin ruwa muka je gani.

Ƙarshen damana ne, tabki ya cika. Masunta na gyaran koma. Guza ta ji motsinmu, ta faɗa ruwa. Can cikin gona muka ga sawun damo. Da magariba kwaɗi suka ɗauki kuka. Wani dattijo ya ƙidaya muna macizan wurin da sunayensu: kububuwa, kasa, kumurci, mesa. Ya san ramin kowane da lokacin fitarsa.

Irin wannan sani masu bincike ke nema. Daga 2004 zuwa 2008, masana biyu, Jean-François Trape da Youssouph Mané, sun tara macizai 1.714 a wurare 28 na ƙasarmu. Mutanen ƙauye ne suka taimake su: macijin da aka kashe, sai a sa shi cikin bokitin magani da aka aje a gari. A 2015 suka fitar da lissafi: macizai iri 51 aka sani a Nijar.

Mine ne amfanin wannan lissafi?

Na farko, ceton rai. Masu mugun dafi kaɗan ne cikinsu. Kububuwa ƙarama ce, amma saranta na sa jini ya ƙi tsayawa. In likita ya san macizan yanki, zai san allurar da ta kamata a aje. Wanda maciji ya sara, kada a tsaga wurin, kada a ɗaure shi tamau. A kai shi gidan likita da sauri.

Na biyu, tsaron rumbu. Macizai da yawa kusu suke ci, kusu kuwa hatsinmu yake ci. Kwaɗi suna cin ƙwari. Damo na cin fara. In mun ƙarar da su, gonarmu za ta biya.

Na uku, kare tabki. A 2019 an sa tabkin Madarunfa cikin wuraren ruwa masu daraja na duniya. Amma rairayi na cike shi sannu-sannu, ana kuma sare itatuwan bakinsa. Abin da ba a ƙidaya ba, ba a sanin ranar da ya ragu.

Ƴan uwa manoma da makiyaya, ku da kuka koyi karatu da rubutu, ga aiki. Ku ɗauki takarda. In kun ga kunkuru, ko guza, ko mesa, ku rubuta sunansa da wurin da ranar. Ku kai wa ma'aikatan gandun daji. Ku bar wuta a daji. Wanda bai tare muku hanya ba, ku bar shi ya wuce.