Ɗakin Haihuwa a Birnin Liyon

Duk wadda ta yi aikin unguwarzoma a Maraɗi ta san shirun matanmu a naƙuda: mace ta cije leɓe, zufa na karyo mata, don kada a ce ta yi raki. Shirun da na tarar a wani asibitin haihuwa a Liyon, ƙasar Faransa, ba na dauriya ba ne. Na ga mace naƙuda ta kankama, tana hira da mijinta.

Sirrin yana gadon bayanta. Likitan kashe zafi ya zura siririn bututu tsakanin ƙasusuwan baya, magani na bi ta nan yana kwantar da jijiyoyin da ke kai saƙon ciwo. Allurar epidural ke nan. A Faransa, kusan mata takwas cikin goma da suka shiga naƙuda suna karɓarta, kuma tun 1994, zamanin minista Simone Veil, inshorar lafiya ta ƙasa ke biyan kuɗinta.

Abin da ya fi burge ni shi ne haɗin maganin. A da, bupivacaine kaɗai ake zubawa, mai kauri, ƙafafun mace su mutu kamar ba nata ba, ta kasa yunƙuri, sau da yawa sai an sa ƙarfe an jawo jariri. Da aka tsinka shi sosai aka ɗiga masa fentanyl, sai zafi ya tafi, ƙarfi ya saura. Binciken COMET da aka buga a Ingila a 2001 ya gwada tsohon haɗin da sabon, ya nuna cewa da tsinkakken haɗi mata sun fi haihuwa ba tare da an sa ƙarfe ba. A asibitin da na zauna, ropivacaine suke haɗawa da sufentanil. Ropivacaine bai kai bupivacaine illa ga zuciya ba idan ya kuskure ya shiga jijiyar jini, sufentanil kuma ya fi fentanyl ƙarfi, don haka ɗan kaɗan ya isa. Ba a rasa matsala: wata ta yi ta ƙaiƙayi, wata jininta ya sauka, shi ya sa awo ba ya yankewa.

Sannan akwai maɓallin da ke hannun mai naƙuda. In ciwo ya motsa ta danna, na'ura ta ƙara mata magani, amma an ƙayyade ta yadda ba za ta wuce kima ba. Wallahi wannan ya taɓa mini zuciya, ganin an amince mace ita ta fi kowa sanin ciwonta.

Kuma ba a ranar haihuwa ake fara magana ba. Kowace mai ciki sai ta ga likitan kashe zafi a watannin ƙarshe, ya duba bayanta da jininta, ya yi mata bayani, ko da ta ƙudura haihuwa ba allura.