Daga Bakin Rijiya Zuwa Ƙofar Lifta

Motar Ɗambatta ba ta daɗewa ba ta cika ba a tashar Ƙofar Ruwa, balle ranar Asabar, jajibirin kasuwa. Mu biyu muka shiga, ni da ƙanen mai ɗakina, wanda gyaran lifta ne sana'arsa. A Abuja ya koya, yanzu kuma yana zagaya 'yan dogayen benayen Kano da ke da ita. Injiniya ake ce masa a gida. Dalilin tafiyar kuwa kawuna ne. Allah ya kira shi aikin Hajji, 'ya'yansa suka haɗa masa kuɗin kujera, na ce sai na je na yi masa murna tun ba a fara jigila ba. Saƙon da ya aiko mini shi ya sa na jawo Injiniya: wai jirgin sama bai dame shi ba, abin da ya tsaya masa a rai shi ne akwatin nan da ake kulle mutum a ciki a ja shi sama, wanda alhazan bara suka cika masa kunne da labarinsa.

Mun sha cunkoso a Kurna, mun ƙara sha a Dawanau, inda tireloli ke jere suna jiran lodin riɗi da wake da zoɓo. Daga nan hanya ta buɗe. Baƙon da bai san ƙasar nan ba zai yi ta jiran inda gari zai ƙare daji ya fara, ba kuwa zai gani ba. Gona ce ke bin gona, an raba su da gamba ko lalle, gidajen gona a warwatse, kowane da rumbunansa. Masanin labarin ƙasa Michael Mortimore, wanda ya koyar a Jami'ar Ahmadu Bello da ta Bayero, tun shekarun 1960 ya fara rubutu a kan yadda manoman kewayen Kano ke noma gona ɗaya shekara da shekaru ba hutu, ba ta kuma mutu ba, saboda taki. Ga shi kuwa muna gani: bazara ce, an yi shara, tarin taki baƙi-baƙi a kowace gona, amalanken shanu na ta kai da kawowa a burtali. Gawo kaɗai ke da ɗanyen ganye, shi da ba ya kakkaɓewa sai damina ta kama. Har muka wuce Kwanar Dumawa ban ga abin da ya fi kuka tsawo ba sai ƙarfen sabis na kamfanonin waya.

A Ɗambatta muka hau babura zuwa ƙauyenmu, wajen ƙasar Makoɗa. Ba mu tarar da Kawu a gida ba. Aka ce yana rijiyar masallaci, ana yasa.

Haƙar rijiya ce sana'ar Kawu tun yana saurayi, kusan duk tsofaffin rijiyoyin yankin da hannunsa a ciki. Yanzu gwiwa ta ƙi, sai dai ya zauna a kan turmi yana ba da umarni. Ruwa ya ja baya kamar yadda yakan yi kowace bazara, dole a shiga a kwashe laka a buɗe ido. Rijiyar gaba 14 ce a faɗarsa. An kafa gwafa biyu, an gitta gungume, igiya ta bi ta kai. Kafin kowa ya sauka sai da aka zura fitila a guga har ƙasa, aka jira, aka ga ba ta mutu ba. Kawu ba ya wasa da wannan, kuma ko kusa ba ya yarda a saukar da injin ban ruwa mai fetur cikin rijiya, don hayaƙinsa kan kwantar da na ciki ba tare da ya ankara ba, na sama ya bi shi ceto, shi ma ya kwanta. Duk mai sauraron rediyo a Kano ya saba jin sanarwar Hukumar Kashe Gobara a kan gawar da aka ciro daga rijiya, sau da yawa ba ɗaya ba.

Aka ɗaura wa wani saurayi igiya a ƙugu, ya yi bisimilla ya juya baya ya fara sauka, samari uku na sakar masa a hankali. Na dubi Injiniya na ga ya daina murmushi. Ya durƙusa kusa da Kawu.

“Baba, in waɗannan suka saki fa?”

“Ba sa saki.”

“In kunama ta harbi na gaba?”

“Ai na baya na nan.”

“To in igiyar ce ta tsinke?”

Kawu ya kalle shi sama da ƙasa. “Sai abin da Allah ya yi, yaro. Kai da aka ce rataye bayin Allah kake yi a akwati, kai ne mai tambayata igiya?”

Amsar ba ta samu ba sai bayan isha'i, a ƙofar gida, an ci tuwon dawa an shimfiɗa tabarmi, maƙwabta sun taru. Injiniya bai fara da lantarki ba. Ya ce wa Kawu lifta rijiya ce da aka gina tana kallon sama: rami ne miƙaƙƙe, akwatin shi ne guga, a can ƙoli akwai inji mai juya wili da wayoyi ke bi ta kansa. A ɗaya ƙarshen wayoyin an rataye tubalan ƙarfe masu nauyin akwatin da kusan rabin kayan da zai ɗauka, don injin kada ya wahala. Kawu ya gyaɗa kai, ya ce ai jigon lambu ma da dutse a gindinsa.

Wayoyin kuma ba ɗaya ba ce. Na ƙarfe ne murɗaɗɗu, huɗu, shida, wani lokaci takwas, kowace ita kaɗai za ta riƙe akwatin cike da mutane. Ƙa'idar Turai ta ce sai ƙarfinsu ya kai aƙalla ninki 12 na nauyin da aka ɗora musu. Amma ba wannan ne ya burge Kawu ba. Ya ce yawan igiya ai dabarar kowa ce, ya taɓa sauka da biyu.

Birki ne ya sa ya gyara zama. Injiniya ya ce birkin lifta a kame yake kullum, sifirin mai ƙarfi ne ya matse shi, wutar lantarki ce ke ɓamɓare shi don akwatin ya motsa. Saboda haka in aka ɗauke wuta, ba faɗuwa za a yi ba, tsayawa za a yi cak. Kawu ya sa aka maimaita masa. Ya yi shiru, can ya ce, “Wato ku, in mai riƙo ya suma, riƙewa ake yi. Mu kuwa saki ake yi.” Na sha karanta bayanin lifta, ban taɓa jin wanda ya kamo bakin zaren da gajeriyar magana irin wannan ba. Duk sauran dabarun a kan wannan tunani aka gina su: a ƙaddara cewa wani abu zai lalace, a tsara yadda lalacewar da kanta za ta tsayar da akwatin.

Nan na sa baki da ɗan tarihi. A 1854, a wani baje koli a birnin New York na Amurka, Elisha Otis ya hau dandamali aka ja shi sama a gaban jama'a, ya sa aka sare igiyar. Dandamalin ya ɗan zame kaɗan ya tsaya. Otis ya maƙala wani sifirin ne a saman dandamalin wanda nauyin da ke kan igiya ke lanƙwasawa. Da igiya ta tafi sai ya miƙe ya cusa bakinsa cikin haƙoran ƙarfe da ke jere a gefe da gefe. A 1857 aka kafa liftarsa ta farko mai ɗaukar mutane a wani kanti a birnin, da tururi take aiki. Ta lantarki sai 1880, Werner von Siemens ya nuna ta a Mannheim ta Jamus. Kafin Otis an daɗe ana jan kaya sama, mutane ne dai ba su yarda su hau ba, kuma da gaskiyarsu.

Injiniya ya ce ta yau ba ta jiran igiya ta tsinke. Akwai na'urar da suke kira gwamna, da siririyar wayarta daban, aikinta auna gudu. In akwatin ya zarce gudun da aka yanka masa da kamar kashi 15 cikin 100 ko fiye, sai ta yanke wa injin wuta, ta kuma fizgo wasu ƙarafa a ƙarƙashin akwatin su damƙe dogayen layukan da yake bi. A can gindin ramin kuma akwai matashi na sifirin ko na mai, don rage ƙarfin dukan in har an kai ƙasa.

Wani malamin firamare da ke gefe bai bari an tafi a haka ba. Ya ce to yaya aka yi da likitar nan ta Legas? Kowa ya ji labarin: ranar 1 ga Agusta 2023, lifta ta rikito daga sama a gidan kwanan ƙananan likitoci na Babban Asibitin Odan da ke Tsibirin Legas, da wata matashiyar likita a ciki, saura kwanaki kaɗan ta gama horonta, ta kuwa rasu. Abokan aikinta sun ce sun daɗe suna kuka da liftar. Gwamnatin jihar ta kafa kwamitin bincike, ta kori masu kula da ginin.

Injiniya bai yi gardama ba. Ya ce duk abin da ya lissafa ƙarfe ne, ƙarfe kuma yana cin tsatsa, yana son giris da mai duba shi a kai a kai. Abin da ya fi ba shi tsoro a aikinsa ba tsufan inji ba ne, wayon mutane ne. Kowace ƙofa tana da sakata mai haɗe da lantarki: in ba ta kulle ba akwatin ba zai tashi ba, in akwatin ba ya wurin ƙofar bene ba za ta buɗe ba. To ranar da sakatar ta fara gardama, lifta ta riƙa tsayawa, mai gini ya ƙi sayen sabuwa, sai wani ya ɗauko guntun waya ya haɗe bakin biyu, na'ura ta ɗauka ƙofa a rufe take har abada. Lifta ta tashi, kowa ya yi murna, an yaba wa mai gyara. Ya ce ya sha buɗe akwatin wuta ya tarar da irin wannan waya, ya taɓa barin wani aiki a kanta. Kuma yawancin waɗanda lifta ke kashewa ba rikitowa take yi da su ba: ramin suke faɗawa, ko masu gyara ne, ko wanda ya ɓamɓare ƙofa, ko wanda ta tsaya da shi tsakanin bene da bene ya ce sai ya fita ta ƙarfi. Kawu ya ce haka rijiya take, cikinta bai ci mutane kamar bakinta ba, musamman yara da marar murfi.

Daga nan hira ta koma bita. Injiniya ya ce wa Kawu ya kalli ƙasa kafin ya sa ƙafa, ya tabbatar akwatin ya daidaita da daɓe. Ya tattare haraminsa kada ƙofa ta kama gefensa, hajiyoyi ma da mayafansu. Akwai idon haske a bakin ƙofa da ke mayar da ita in wani ya gitta, amma kada ya dogara da shi ya zura hannu. A jikin bango zai ga an rubuta adadi, misali mutum 8 ko kilo 630, ko mutum 13 ko kilo 1000. In aka yi yawa za ta yi ƙara ta ƙi tashi, na ƙarshen shiga shi ke fita, ba zagi ba ne. In ta tsaya, ya danna ƙararrawa ya jingina ya yi ta tasbihinsa. Iska na shiga, da yawa ma suna da batir da ke kai su bene mafi kusa ya buɗe. In gobara ce kuwa, matakala. A ganina wannan ya cancanci rabin sa'a a bitar da Hukumar Jin Daɗin Alhazai ke shirya wa maniyyata a ƙananan hukumomi. Dattijon da bai taɓa hawa bene ba, a kwana ɗaya sai ya tsinci kansa a hawa na goma sha wani abu a Makka, ana turereniya a ƙofar lifta bayan kowace salla.

Na ɗauka an gama. Da asuba sai ga Kawu da sandarsa ya ce shi ma kasuwa za shi. Ashe ya kwana da maganar haƙoran Otis. A kasuwar Ɗambatta ranar Lahadi ba masaka tsinke, ga dabbobi ga hatsi ga 'yan Kazaure da Daura da na ƙetaren iyaka, amma bai tsaya ko'ina ba sai rumfar wani mai walda. Ya sa Injiniya ya zana a ƙasa: bututun naɗe igiya mai hannun juyawa, faranti mai haƙora a gefensa, da harshen ƙarfe da zai riƙa faɗawa tsakanin haƙoran, ta yadda in mai juyi ya saki, abin ya kulle. Mai walda ya ce tsohon farantin sarƙar babur zai yi. Injiniya ya ce bai yarda ba, ya yi sirara ga ran mutum, a yanko mai kauri. Aka yi ta ciniki, kuɗin ya kusa na tunkiya, Kawu ya ce jama'ar masallaci za su haɗa.

Sai Kawu ya kawo nasa gyaran, wanda Injiniya bai hango ba. Ya ce wajen hawowa harshen zai yi aiki, amma wajen sauka dole wani ya ɗage shi, a nan kuwa an koma gidan jiya. Injiniya ya sosa ƙeya ya ce gaskiya ne, sai an ƙara birki mai kamawa da kansa, wannan kuma ya fi ƙarfin rumfar nan. Suka tsaya a kan cewa igiya ta biyu za ta zauna a hannun samari kamar da, a naɗe ta a gungume. Injiniya ya ƙara da cewa su ba sa sa mutum a sabuwar lifta sai sun gwada ta da tubalan ƙarfe da suka zarce nauyin da aka rubuta mata.

“To a cika buhu biyu da yashi,” in ji Kawu. Ya juya ga ɗansa da ya rako mu. “Ka gaya musu, ko an gama ƙerawa, ba mai ɗaura ta a ƙugu sai na dawo daga Saudiyya na ga gwajin da idona.”