Ranar da injin Baba ya ƙi tashi

Marigayi mahaifinmu, Allah ya ji ƙansa, bai bar mana shanu ba. Abin da ya bari shi ne injin yankan itace ƙirar Stihl 070, aikin Jamus, wanda ya saya na hannu a Garwa a 1993. Har ya rasu yana godiya da ya saya a lokacin, domin a Janairun 1994 aka karya darajar sefa da rabi, kayan waje suka gagari talaka. Da wannan inji ya ciyar da mu a nan Poli.

To, a farkon daminar 2024 iska ta kayar da tsohon maɗaci a kan katangar gidanmu, reshe guda ya danne rufin ɗakin Inna. Na ɗauko injin daga inda ya shekara huɗu a ajiye, na zuba mai, na ja igiya har kafaɗata ta sage. Ko tari bai yi ba. Na kwance buji, wato abin da 'yan Najeriya ke kira fulogi, na jingina shi da ƙarfen injin a cikin inuwa, na sake ja. Babu tartsatsi. Na sa sabon buji, duk ɗaya.

Na ɗauki injin na kai Garwa, kuma wanda ya san hanyar Poli da damina ya san abin da na gani. Wani matashin makanike ya dube shi sama-sama, ya ce in sayar wa masu tsohon ƙarfe in sayi sabo. Ban ji haushinsa ba. Ya tashi ne a zamanin da ake cire abu a sa wani, ba a buɗe cikinsa.

Ashe maganin yana bayan gidanmu. Akwai wani dattijo da ya yi shekaru yana gyaran mobilet, har ido ya fara gaza masa. Da na gaishe shi na yi bayani, sai ya ce, "Ɗana, wutar wannan da ta mobilet uwarsu ɗaya. Ni zan faɗa, kai ka yi."

Da farko ya sa na duba wayar makashin injin, domin in ta goge ta taɓa ƙarfe, wuta ƙasa za ta bi. Lafiyarta ƙalau. Sannan muka cire murfin igiya, muka iske farantin nan mai maganaɗisu da ke juyawa. Na kai hannu ga guduma, ya buge mini hannu, ya miƙo wani ƙarfe mai zare da ake janye farantin a hankali. A bayansa komai yake: bobin, da kwandansa, da filatin, wato ƙananan baki biyu da ke haɗuwa suna rabuwa. Ya ce maganaɗisu ne ke haifar da wuta a bobin, kuma daidai lokacin da filatin ya buɗe take tsalle zuwa buji. Kwandansa kuwa shi ke hana bakin filatin ƙonewa. Namu ya mutu, shi ya sa bakin ya yi baƙi, ya yi ramuka.

Na goge su da ƙaramin magagari, na wanke da fetur, na ja farar takarda a tsakani har ta fita ba datti. Muka daidaita tazarar a milimita 0.4. Kwandansa kuma ya zaro daga wata tsohuwar gwangwanin madara, na mobilet ne. Na ce masa yanzu akwai wata 'yar na'ura da ke maye gurbin su biyun. Ya ce, "In ta mutu, me za ka goge?"

Da muka mayar da farantin, ya ce in ja. Tartsatsi shuɗi ya fito, ƙas! Shi bai gani ba, amma ya ji, ya yi dariya. A ja na uku injin ya ɗauka.

Kafin la'asar na sauke reshen. Inna ta fito ta tsaya a bakin ƙofa, ta daɗe tana sauraron ƙarar, sannan ta ce in kai wa dattijon itacen duka.