Da Ɗan Gari A Kan Ci Gari

A shekarar 1805 Shehu Usmanu ɗan Fodiyo ya sauka Gwandu da jama'arsa, ba a daɗe ba aka kewaye garin da ganuwa. Ganuwa kuwa mahara ta ke tarewa. Ɓarawon cikin gida sai idon maƙwabci.

Saboda haka a zamanin da, in baƙo ya sauka, mai masaukinsa ya kan sanar da mai unguwa. In da abin tuhuma, mai unguwa ya kai wa dagaci, dagaci ya kai wa hakimi. A ƙarshen shekarun 1960 aka haɗe 'yan dokan En'e da 'yan sandan Nijeriya. Ɗan sanda kuwa sau da yawa daga nesa a ke kawo shi, bai san ɗan wane da jikan wane ba. Shi ya sa dokar 'yan sanda ta 2020 ta tanadi kwamitocin da mutanen gari za su zauna tare da su.

A wani ƙauye kusa da Kalgo, an wayi gari wani manomi ya ga babu shanunsa na huɗa, ga damina ta kawo kai. Samarin da ke sintiri suka bi sawu, suka tarar da wani makiyayi baƙo a bakin fadama, suka ɗaure shi, har an ɗaga sanda. Mai unguwa, dattijo ne, ya shiga tsakani ya ce, “'Ya'yana, kama mutum aka ba ku, ba a ba ku hukunci ba.” Aka kai shi wurin 'yan sanda.

Da daren nan wani maƙwabci ya kasa barci. Da asuba ya je ya durƙusa gaban mai unguwa, ya ce ya ga wanda ya kwance shanun, ɗan wansa ne, kunyar zumunci ta sa ya yi shiru. Aka samo shanun, aka saki makiyayi.

To, mai karatu ya duba. Shirun mutum ɗaya ya kusa jawo a zubar da jinin marar laifi. Wanda ya ga abu ya faɗa wa mai unguwa tun da wuri, wanda ya kama mutum ya miƙa shi ga hukuma da ransa da lafiyarsa. Allah ya zaunar da ƙasa lafiya, amin.